Filin da muka sassabe ya zama fako, ina tana ta tafi?

Mai_Fartanya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar ƙasa. Akwai filin da muka sassabe, da can itatuwa ne da ciyawa cunkus. Muka sare, muka tone kututture, muka cinna wa sauran wuta, tarakta ta shiga. Shekarun farko amfanin da aka kwasa sai wanda ya gani. Yanzu kuwa kowace damina ƙara taki nake, amfani na ja da baya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a bakin iyaka akwai ɗan wurin da ba mu taɓa ba. In ka sa fartanya a nan, ƙasar baƙa ce, tana marmashewa a hannu, ga tana, ga wani farin zare-zare a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Ka ɗan taka cikin gonar, ƙasa ta yi fari ta ƙeƙashe, in an yi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce. Sare itatuwan ne ya jawo, ko takin zamani ne ya ƙone ta kamar yadda ake faɗa?

Sarkin_Huɗa:
Wa alaikumus salam. Malam, ƙasa ce ta gaji kawai. Ka ninka takin, ka yi huɗa mai zurfi, magana ta ƙare.

Malamar_Kimiyya:
Sarkin_Huɗa, ka yi haƙuri, huɗa mai zurfin nan tana cikin abin da ya kai shi inda yake.

Malam Mai_Fartanya, farin zaren da ka gani funfuna ce, tana cin ruɓaɓɓen ganye. Akwai 'yar'uwarta da ido ba ya gani, wadda ke shiga cikin saiwa, masana na kiranta maikoraiza. Yawancin tsirran duniya da ita suke rayuwa: tsiro ya ba ta sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, ita kuma ta miƙa zarenta inda saiwa ba ta kaiwa, ta jawo masa fosforas da ruwa. Bakteriya ma abin da saiwa ke tsattsafarwa suke ci. Ƙananan halittu su ci bakteriya, tana da gara su ja ganye ƙasa suna huda ramuka. Ta waɗannan ramukan ruwa ke nutsewa, kuma zaren funfuna da kashin tana ne ke ɗaure ƙasa ta zama dunƙule-dunƙule.

To, ranar da aka sare aka tone saiwa, an yanke musu abinci gaba ɗaya. Toka ta ba ka ɗan sinadari nan take, garma ta buɗe ƙasa iska ta shiga, ruɓaɓɓen abin da ya taru shekara da shekaru ya narke da sauri. Shi ne amfanin da ka gani da farko. Uwar kuɗi ka ci, kana zaton riba ce.

An gwada wannan a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila. Wani yanki da yake ciyawa, tun 1959 ake huɗe shi ba a barin komai ya tsiro. Kabon ɗin ƙasar, wato sinadarin da ke cikin ruɓaɓɓen tsiro, ya zube, halittun cikinta suka ragu ƙwarai. Rashin tsiro kaɗai ya isa.

Takin zamani kuwa, ban ce ba shi da laifi ba. Yawan yuriya na sa ƙasa ta yi tsami a hankali, kuma in fosforas ya yi yawa tsiro kan rage hulɗa da maikoraiza. Amma shuka yake ciyarwa, ba ya ciyar da tana, shi ya sa ninka shi ba zai buɗe maka fako ba.

Tsohon_Gandu:
Malama ta gama magana, ƙari kawai zan yi. A Amurka, cikin shekarun 1910 da 1920, an huɗe ciyawar filayen tsakiyar ƙasar mai dogon saiwa aka zuba alkama. Da fari ya zo, ba abin da ke riƙe ƙasa, iska ta kwashe ta. Guguwar ƙurar 14 ga Afrilu 1935 ta mai da rana dare, kuma a watan ne gwamnatinsu ta kafa hukumar kare ƙasa. Ciyawa fa aka cire, ba ma itace ba.

Kuma kada wani ya ce maka ka cika wurin da bishiyar turare shi ke nan. Na yi aiki a irin wannan gandun. Daga nesa kore shar, ka shiga ciki ganye ya bushe a ƙasa ya ƙi ruɓewa da wuri, ƙarƙashi wayam. Iri ɗaya abinci ɗaya yake bayarwa, halittun da ke cin wani abu daban ba za su dawo ba.

Mai_Fartanya:
Na gode Malama, na gode Baba. To in na ɗebo tana daga bakin iyakar na zuba a gonar fa?

Malamar_Kimiyya:
Mutuwa za su yi, ko su koma inda suka fito. Abinci da inuwa za ka fara ajiye musu. Ka daina ƙone kara da karmami, ka bar su kwance su rufe ƙasa. Ka rage huɗa. Ka sa dangin wake a tsakani, in ka tuge ɗaya ka fasa ƙullutun saiwarsa ka ga ja-ja a ciki, to bakteriyar tana kama naitirojin daga iska. Kututturen da ya sake tohowa kada ka tone, ka rage rassan ka bar ɗaya ko biyu. Ɗan wurin nan na bakin iyaka kuma kada fartanya ta ƙara shiga, daga can za su yaɗu. Gara za ka fara gani tana cin karan, kada ka fesa mata magani. Tana sai daga baya, kuma abu ne na shekaru.

Sarkin_Huɗa:
To karan da za a bari, dabbobi kuma su ci me da rani?

Tsohon_Gandu:
Ka raba biyu, ka kuma dawo wa gonar da kashinsu.