Motata tana rangaji a kwana, na riga na ba da rabin kuɗin koyiloba, ku ba ni shawara

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Ina da Honda Accord 2005, wadda ake ce wa EOD, mai silinda huɗu. A hannun yayan matata na saye ta lokacin da aka mayar da shi aiki Legas, kuma har yanzu akwai ragowar kuɗinsa a kaina, shi ya sa ba na son maganar motar nan ta kai gidan surukai. Da farko ma Corolla na yi niyya, to adashin da na kwasa bai kai ba, shi kuma ya ce in ɗauka in riƙa biya a hankali. Inji lafiya lau, giya ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Aiki ya mayar da ni Jos, iyali suna Kano, ina bin hanyar Falgore da Saminaka. Da zarar na wuce 90 sai ta fara yawo a kan titi, kullum ina cikin gyaran sitiyari. A kwana tana kwanciya gefe guda. Ranar Juma'a bayan mun wuce Jengre na kauce wa rami, ta yi lilo hagu da dama kafin ta daidaita. Maman Hanifa ta rantse ita da yara ba za su sake shiga ba. Ga bikin ƙanwata ƙarshen wata, ni zan ɗauki mata zuwa Jos.

Wani abokin aikina ya nuna mini bidiyon yadda ake sa wa irinta koyiloba (shokozoba da sifirin a haɗe, da ake iya rage ko ƙara tsawonsu) a sauke ta ƙasa, a ƙara sitabilaiza (ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciya a kwana) mai kauri da bushin na poli (robar mahaɗar ƙarafan ƙafa, mai tauri fiye da ta kamfani). Na riga na ba wani mai odar kaya daga Chana rabin kuɗin koyilobar. Tambayata: inci nawa ya kamata in sauke ta, kuma wace sitabilaiza zan nema?

Sadiq Hotoro:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa. Muna biye.

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Hanifa, ka ba mu tarihin adashi da na suruki, amma abin da ake buƙata ka tsallake shi. Kilomita nawa ta ci? Yaushe rabon da a canza mata shokozoba? Wace lambar taya ce a ƙafarta?

Saurare ni da kyau. Ƙafar gaban EOD ba irin ta Corolla ba ce. Hannu biyu gare ta, ofa am a sama, lowa am a ƙasa, bayanta kuma hannaye biyar kowane gefe. In tana da lafiya ta fi Corolla zama a kwana nesa ba kusa ba. In ta tsufa kuma ta fi ta wuraren yin wasa, don kowane hannu da bushinsa. Akwai wani babban bushin a lowa am na gaba, ka leƙa shi da tocila, in ba ka same shi a tsage ba ka canza mini suna. Idan ya tsage, taya tana matsawa gaba da baya duk sanda ka taka birki ko ka faɗa rami. Shi ne yawon da kake ji.

Lilon Jengre kuwa aikin mataccen shokozoba ne. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokozoba ita ke kashe tsallen. In ta mutu, mota ta kwanta nan ta dawo can, babu mai tsayar da ita.

Ka kai ta gareji a sa jak a ƙarƙashin lowa am, a zura ƙarfe ƙasan taya a ɗaga, wani ya zuba wa boljoyin ido, wato mahaɗar da ke riƙe ƙafar taya da hannun. Sannan a kama taya ta gefe da gefe a girgiza, wannan zai tona asirin tayirod da rak, ƙarafan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi. A gyara duk abin da ya yi wasa, a sa shokozoba huɗu sababbi, KYB ko Monroe, a yi alaimen. Koyiloba ba ta cikin lissafi.

Maman Iman:
Ni dai ina bayan Maman Hanifa ɗari bisa ɗari. Irin motar nan ce da maigidana. Muna tafiya a hankali cikin gari, za mu sha kwana, kawai sai muka ji ƙas, tayar gaba ta kwanta waje, motar ta durƙusa a tsakiyar titi, 'yan adaidaita suna ta yi mana hon. Ashe bakaniken da ya amince da shi tun yana saurayi ne ya karɓi kuɗin boljoyin mai kyau ya sa jabu. Har yau in na yi magana sai ya ce kuskure ne, mutumin kirki ne. Ku maza ba a raba ku da bakanikenku. Ko bikin ɗan bakaniken sai da muka je da gudummawa.

Injiniya Sabo:
Hajiya ta taɓo inda ya fi komai haɗari. A motar nan shokozoba da sifirin a kan lowa am suke zaune, don haka nauyin gaba yana bi ta boljoyin na ƙasa, kuma ja yake yi, ba dannawa ba. In robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga, wata rana sai ya fizge. A nemi boljoyin mai tambarin 555 na gaske, a kula don jabunsa ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya.

Abban Hanifa:
Na gode Injiniya, na gode Hajiya. Ba na jin boljoyin ne, don ba ta ƙara ko kaɗan. Agogon kilomita kuma tun a hannun yayan matata ya daina nunawa. Shokozoba ya ce ya canza na gaba da 'yan Beljiyam. Taya 225/40 ce a kan rim 18, ni na sa bayan na saye ta, don rim 16 da ta zo da shi ya tsufa. Na gaba kamfani ɗaya, na baya daban-daban, amma duka da sauran zane sosai. Akwai kuma sifesa, abin ƙara wa mota tsawo daga ƙasa, da aka sa mata gaba da baya saboda rashin kyan layinmu, amma wannan tun ba yau ba.

Injiniya Sabo:
Innalillahi. To ai ka gama ba kanka amsa, ranka ya daɗe. Tayar da ta dace da rim 16 ɗinta 205/60 ce, tsawon gefenta ya kai milimita 123. Taka ta yanzu 90 ne. Ka rage abin da ke shanye rami, ka ƙara faɗi. Taya mai faɗi da gajeren gefe tana bin kwarin da tireloli suka murza a kwalta, duk inda kwarin ya nufa nan take jan ka. Sannan an ɗaga mota da sifesa, nauyinta ya hau sama, kusurwar tayoyi ta canza. An yi alaimen bayan an sa? Na san ba a yi ba. Tayoyin baya kowace da halinta, shokozobar da ta gama aiki a Turai a gaba, ta baya kuwa ƙila tun ta kamfani ce. Kuma boljoyin ba dole ne ya yi ƙara kafin ya fita ba.

Khalifa Abuja:
Da girmamawa Baba Injiniya, amma kun cika tsoratar da mutane. Ni Accord 2007 ce da ni, koyiloba ce a ƙafarta, na sauke inci ɗaya da rabi, kuma wallahi ba za ka ce mota ɗaya ba ce. Yaya Abban Hanifa, amfanin koyiloba shi ne kai ke zaɓar tsawon da kake so da sifana, ba dole ka sauke ta ƙasa sosai ba. Tunda shokozoba huɗu za ka saya ko ta yaya, ai koyiloba ta haɗa shokozoba da sifirin a wuri guda, ka cire sifesar ka huta. Sitabilaiza kuma ka nemi ta bayan Acura TL 2004 zuwa 2008, tana hawa EOD, ta fi ta kamfani kauri. A Apo ko Ladipo ba za a rasa ba.

Abban Hanifa:
Yauwa Khalifa, abin da nake nufi ke nan. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sabo:
Yaro, daga Wuse zuwa Gwarimpa kake yawo. Shi Falgore yake ratsawa da mata biyar da akwatuna a but. Faɗa masa sunan koyilobarka da kuɗinta. Tein ce ko BC? Shi tasa ko suna bai ambata ba. Mai arha sifirinta tauri ne kawai, man cikinta ba ya iya riƙe shi, a hanya mai gargada taya tsalle take ta bar ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba birki ba ya kama ta. In ɗaya ta zubar da mai a Saminaka, wa zai sayar masa da guda ɗaya?

Kuma ba ka gaya masa cewa in ya sauke ta tayoyin baya za su karkace ciki ba, kuma kamfani bai yi wurin saita wannan karkatar ba, sai ya sayi wasu hannayen daban, in ba haka ba gefen ciki ya cinye cikin 'yan watanni. Ba ka gaya masa kwanon baƙin mai zai riƙa gaisawa da kowane tudun rage gudu ba. Sitabilaiza kuwa ba wasa ba ce. Mai kaurin milimita 17 ta ninka mai 14 tauri har da ɗoriya. Ka tsaurara baya a kan tayoyi kala biyu, ranar da aka yi ruwa bayan motar ne zai riga gaban shan kwana. Bushin na poli kuma in hunturu ya zo da ƙura, kukansa sai ya hana ka jin rediyo.

Alhaji Mai Pijo:
Duk wannan wahala ce kuka ɗora wa kanku. Mu da muka tuƙa 504 haɗin Kaduna ba mu san wani koyiloba ba. Tun 1975 aka fara haɗa Pijo a Kaduna, kuma a shekarar ne 504 ta lashe tseren Safari a Kenya, a kan hanyar ƙasa, ba kwalta ba. Ƙafarta doguwa ce mai laushi, rami ya zo ta shanye. Tawa tana nan lafiya lau yarana suka lallaɓa, ina Umara, suka sayar wa ɗan tasha, wai tana ba su kunya a unguwa. Suka kawo mini wata da ko tudun ƙofar gida ba ta hawa sai an sauke mutane. Har yau ban yafe wannan ciniki ba.

Baffa na Maraɗi:
Ni a ganina kada a taɓa sifesa, ƙari ma ya kamata a yi. Mu nan duk motar da ta zo daga Kwatano sai an ɗaga ta kafin ta shiga ƙauye. Ya rage gudu kawai, 80 ta isa.

Usman Mai Taya:
Yallaɓai, zane ba shi ne lafiyar taya ba. Duba gefenta wajen da aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, satin 23 na 2016 ke nan. Jami'an kiyaye haɗurra shekara 4 suke lissafa wa taya. Iska kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba, wasu har 50 suke durawa.

Abban Hanifa:
Na gode duka. Amma gaskiya rim ɗin nan kuɗi na kashe a kansu, kuma kafin in sa su ma tana ɗan yin hakan, don haka ban yarda su ne ba. Bakanikena ya duba ƙasanta watannin baya ya ce komai daidai. Abin da ya ce kawai rak yana ɗan tsatsafo, yana ƙara mini jan man giya lokaci-lokaci.

Injiniya Sabo:
Jan man giya a sitiyarin Honda? Man sitiyarinta daban ne, an rubuta a kan murfin. Wancan yana cinye sil, shi ya sa tsatsafon ba zai tsaya ba. Rak mai zubar da mai, ba a faɗa mana ba sai yanzu. Malam, akwai sauran abin da ka ɓoye? Shekaruna a ƙarƙashin mota sun fi shekarun wasu a duniya. Na faɗi nawa.

Khalifa Abuja:
Baba ba sai an kai ga gori ba. Shekaru daban, ilimin zamani daban. Ni ma ban ce kada ya gyara rak ba.

Maman Iman:
Ku dai ku yi ta musu. Malam, ka ɗaukar wa matan nan hayar bas ranar biki.

Abban Hanifa:
Hajiya in na ɗauki haya ai surukai za su tambayi ina motar. Na kira mai odar, ya ce kaya sun riga sun taso, ba a mayar da kuɗi, kuma ya tabbatar mini masu kyau ne, ya kawo wa mutane da yawa. Zan sa a leƙa bushin ɗin da Injiniya ya ce in na samu lokaci ranar Asabar. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini, in na bar rim 18 ɗin, inci ɗaya zan sauke ko ɗaya da rabi? Kuma sifesar a cire ta gaba ɗaya ko a bar ta baya saboda kaya?

Sadiq Hotoro:
Abban Hanifa, tsofaffin rim 16 ɗin suna nan? In za ka sayar ka yi mini magana, nawa ɗaya ya fashe.