Wane suna za mu ba "biosecurity" da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Agaji nake nema a kan kalma guda. Ina fassara bayanin aikin mai kula da ayyukan bincike a tashar kimiyya da ke wani tsibiri can tsakiyar teku, irin wanda sai a yi watanni jirgin ruwa bai leƙa ba. Jadawalin ma'aikata, kasafin kuɗi, neman izini, rahoton masu ba da tallafi, duk sun shiga Hausa ba gardama. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce "biosecurity", kuma kusan kowane shafi sai ta fito. Na sa "tsaron halittu", amma raina bai kwanta ba.

Malamar ilimin halittu: Wa alaikumus salam. Malam, mu fara ganin aikin tukuna. Kafin ma'aikaci ya hau jirgi, ana juye aljihunansa a bi su da injin zuƙar ƙura, a bi ɗinkin jaka da maƙalen nan mai ƙaya-ƙaya na bakin hannun riga, duk don ƙwayar irin ciyawa guda da za ta iya laɓewa. A kankare ƙasan takalmi da buroshi, a tsoma shi cikin ruwan magani. Kayan abinci a ɗaki mai rufi ake haɗa su, inda ɓera ba shi da hanya. Igiyar da ta ɗaure jirgi a tasha ana zura mata faifan ƙarfe don kada ɓera ya bi ta ya hau. Wasu wuraren har karnuka ake kawowa su sansana. In an isa, ba a buɗe kaya a fili, sai a rufaffen ɗaki, kuma akwai tarkuna kewaye da tashar da ake zagayawa ana dubawa.

To a duk wannan, wa ka ga yana gadin tsuntsu? Idon kowa na kan abin da zai shigo. "Tsaron halittu" zai sa mai karatu ya hango mai gadi tsaye a kan kunkuru, wato aikin kare namun daji gaba ɗayansa. Wannan kuwa ya fi faɗi, ba wannan reshe ba ne kaɗai.

Ɗalibi: Malama, me zai hana "killacewa"? Tun korona a 2020 babu wanda bai san ta ba.

Malamar ilimin halittu: Tana ciki, amma ɗaki ɗaya ce a gidan. Killacewa ita ce ka ware abu ka jira. Wanke takalmi ba killacewa ba ce, horar da matuƙan jirgi ma haka.

Tsohon edita: 'Ya'yana, da ma'ana kaɗai ake bi, da "rigakafi" ta gama magana, don ma'anarta ke nan: a riga abu kafin ya zo. Sai dai asibiti ya riga mu ɗauke ta. Ka ce "jami'in rigakafi" a rediyo, mai sauraro allura zai gani. Muna da 'yar'uwarta da ba a cika wa kaya ba: kandagarki. Ana cewa matakan kandagarki a kan ambaliya, a kan annoba, a kan fari. Ni da ita zan fara gini. Saura a ce kandagarkin me.

Mai fassara: Madalla, Baba. "Kandagarkin baƙin halittu" fa?

Tsohon edita: Matsala biyu. Ta farko ta rubutu ce: ba ma sa alamar karin sauti, don haka ranar da ka rubuta "baƙin iri", wani zai karanta irin da ya zo daga waje, wani ya karanta iri mai launin baƙi. Ta biyu, Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Wanda ake tsoro a tsibiri kuwa in ya sauka ya sauka ke nan.

Malamar ilimin halittu: Baba ya taɓo inda masana kansu ke rarrabewa. Ba kowane baƙo ke ɓarna ba. Akwai tsiron da zai zo ya tsaya a gefen tasha shekara da shekaru bai matsa ba. Wanda ake gudu shi ne mai yaɗuwa ya danne na gida.

Ku dubi tsibirin Marion na Afirka ta Kudu. A 1949 aka kai kyanwoyi 5 don su rage ɓerayen da suka addabi tashar. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, kuma tsuntsayen teku suka koma ci, dubban ɗaruruwa a shekara, don tsuntsun da bai taɓa ganin kyanwa ba bai san gudu ba. Sai a 1991 aka ga bayansu. Ɓerayen da aka kawo su dominsu kuwa suna nan, yanzu ma har 'ya'yan albatros, wani babban tsuntsun teku, suke ci da ransu a cikin sheƙa. Albatros ƙwai ɗaya take yi, wasu nau'o'in ma sai bayan shekara biyu, kun ga ɗa guda ba ƙaramar asara ba ce.

A tsibirin Gough, mai nisan kusan kilomita 2,600 daga Cape Town, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta jagoranci watsa abinci mai guba da jirage masu saukar ungulu a tsakiyar 2021, wato hunturun can, lokacin da yunwa ta fi matsa wa ɓeraye. A watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauko ɓera da rai. Aikin shekaru ya koma baya. A tsibirin Jojiya ta Kudu, can kudancin tekun Atlantika, an dace: an fara a 2011, aka ayyana babu sauran ɓera a 2018, a kan kuɗi kusan fam miliyan 10.

Abin da ya sa na jero su, Malam, a takardar da kake fassarawa akwai layi biyu a kasafin kuɗi da bai kamata su cakuɗe ba. Ɗaya kawar da abin da ya riga ya shiga, aiki mai farko da ƙarshe, wanda masu ba da tallafi ke son jin labarinsa. Ɗayan kuma namu ne, ba ya ƙarewa, kuma in ya yi kyau babu abin nunawa a rahoto sai tarkon da bai kama komai ba. Shi ya sa shi ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙasa, wanda a ganina wauta ce, tunda macen ɓera guda mai ciki a cikin kwali ta isa ta rushe fam miliyan 10. Kalmarmu dole ta nuna cewa kafin shigowa ake maganarsa.

Ɗalibi: To "kandagarkin kutse". Gajere, kuma kutse shi ne shiga ba izini.

Mai fassara: Ƙanena, 'yan intanet sun ƙwace wannan. Duk wanda ya gani zai ɗauka maganar masu satar shiga kwamfuta ake.

Ɗalibi: Haka ne kuma. To mu ara mana kawai, mu ce bayosikiriti. A tsibiran Galapagos hukumar da ƙasar Ekwado ta kafa a 2012 "bioseguridad" ke cikin sunanta, ba su wahalar da kansu ba.

Tsohon edita: Su "seguridad", wato tsaro a Sifaniyanci, tasu ce ta gado, yaro ma ya san ta. Mu muna aro ne in abu ya zo da jikinsa, ka nuna shi ka ce wannan ce kwamfuta. Wannan kuwa ɗabi'a ce ake so matuƙin jirgi da mai dafa abinci su ɗauka. Kalmar da sai an yi mata bayani ba za ta sa mutum ya juye aljihunsa ba.

Ni da na so "tsaron mashiga". Tana da hoto.

Malamar ilimin halittu: Na so ta ni ma, Baba, amma tana tsayawa a bakin ruwa. A watan Oktoban 2023 aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Bird Island da ke Jojiya ta Kudu. Babu ƙofar da za a rufe wa tsuntsu mai ƙaura. Abin da ya rage a hannun mai kula da tasha shi ne kada ma'aikatansa su kwashi cutar a takalmi ko kayan awo daga wannan mazaunin tsuntsaye zuwa wancan: a dakatar da kama tsuntsaye, a rufe wasu wurare, a sake jadawalin bincike. Duk wannan a cikin tsibirin ake yi, an wuce mashiga.

Ga tawa: mamaya. Muna cewa ciyawa ta mamaye fili, fari sun mamaye, cuta ta mamaye. Ta ɗauki dabba da tsiro da ƙwayar cuta, kuma ta ware mai ɓarna daga baƙon da ya zauna lafiya. Kandagarkin mamaya.

Mai fassara: Ba za a ji kamar maganar soja ba?

Tsohon edita: In ta tsaya ita kaɗai a kanun labari, za a iya. Ka rubuta ta cikakkiya a karon farko, "kandagarkin mamayar halittu", daga nan ka gajarta. Gwada ta cikin jimla mu ji.

Mai fassara: "Mai kula da ayyuka zai tabbatar kowane ma'aikaci ya samu horo a kan kandagarkin mamayar halittu, kuma jami'in kandagarki ya duba dukkan kaya kafin a loda su." Su kuma masu ɓarnar, "halittu masu mamaya". Ɗayan layin kasafin, "aikin kawarwa".

Malamar ilimin halittu: Ta zauna. Sharaɗi ɗaya: Turawa na amfani da kalmar tasu a wani wurin daban, wato tsare ƙwayoyin cuta masu haɗari a ɗakin gwaji don kada a sace su ko a yi mugun aiki da su. Tamu ba ta kai can ba, kada a ja ta da ƙarfi. Wancan a nema masa tasa.

Tsohon edita: Na amince. Amma cire "ya duba", Malam. Dubawa da ido ce, mutum na iya yi hannunsa a aljihu. Sa "ya caje".