Maigidana ya ci bashi da sunana, yanzu ni ake bi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa da safe a bakin hanya, tun kafin in yi aure nake wannan sana'a, wurin ma na kakata ne wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mamana, kowa a layin ya san mu da mutunci ba a taɓa jin mu da kowa a kan kuɗi ba. Maigidana direban trotro ne da, wato motar haya, mai motar ya sayar da ita ya zauna ba aiki, ni na riƙe gidan har kuɗin makarantar yara kuma ban taɓa yi masa gori ba. A 2023 ya ce zai ɗauki pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya karɓi Ghana Card ɗina, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wai za a yi fotokwafi, ya kawo wata takarda na dangwala yatsa, ya ce shaida ce kawai cewa ni matarsa ce. Ran Talata sai ga mutum biyu daga kamfanin bashi har wurin sana'ata gaban kwastomomi, wai ni ce na ci bashin pragyar, saura sidi dubu 14, miliyan 140 ke nan a tsohon kuɗi. Ga wani kamfanin kuma yana kira wai an ɗauki waya da sunana ana biya kaɗan kaɗan an daina, wannan ko takardarsa ban taɓa gani ba. Shi ya ce in bar masa komai. Ba na barci wallahi. Me zan yi?

Hajia Rabi: Innalillahi. Ƙanwata ina pragyar take yanzu? Ba ki faɗa ba.

Yaya Mustafa: Wa alaikumus salam. Na yi aikin karɓar bashi a wani kamfanin a Adum, don haka ki ji abin da zan faɗa miki. Ki raba maganar gida biyu. Ta wayar da sauƙi, ba ki sa hannu ba ba ki dangwala ba, aure ba ya sa bashin miji ya zama na mata a dokar Ghana, kuma sa hannu a madadin wani ba da saninsa ba laifi ne a dokar laifuka ta Act 29. Ta pragya ita ce mai wuya tunda yatsanki na kai. Amma ko ita akwai ƙofa, in ba kya karanta Turanci akwai doka tun 1912 da ta ce dole a karanta miki takardar a fassara miki da harshen da kike ji, wanda ya fassara ya rubuta sunansa a ƙasa. Ki je ofishinsu ki ce su ba ki kwafin yarjejeniyar, ki duba ko an rubuta ki a matsayin mai cin bashi ko mai tsayawa. Kada ki ba su ko pesewa ɗaya kafin nan, in kika biya za su ce kin amsa.

Ummu Sadik: Mazan nan sai Allah. Nawa pin ɗin MoMo, asusun kuɗi na waya, ya sani, ya ci bashi a layina ina barci, sai da aka turo min kuɗin adashi na ga an cire. Da na kai ƙara gidansu uwarsa ta ce ai kuɗin mata na miji ne. Har yau ina jin zafin maganar nan fiye da kuɗin, kuma ƙannensa duk suna zaune ba wanda ya buɗe baki.

Malam Idi: Wannan magana ta uwar miji ba addini ba ce, dukiyar mace tata ce a Musulunci. Amma Maman Hanifa, kada ki bari maganar kotu ta shiga gidanki. Ki sami waliyyinki da limamin unguwa su zaunar da shi, ya amsa a gabansu cewa bashin nasa ne. Bashi ba abin wasa ba ne, Annabi SAW ya ƙi yi wa mai bashi sallah sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A tuna masa wannan.

Yaya Mustafa: Malam da girmanka, kamfani bai san limam ba, takarda ya sani. Ko ya rantse da Alƙur'ani gaban Sarkin Zango sunanta ne a kwamfuta, kuma suna tura sunayen waɗanda ba su biya ba wurin masu ajiye tarihin bashi irin su XDS Data, gobe ta je neman jari a banki a hana ta. Tun 1 ga Yuli 2022 Bank of Ghana ya ce Ghana Card ne kaɗai katin da za a karɓa, kuma aikin kamfanin bashi ne su tabbatar mai katin ce da kanta. In ba su taɓa ganin fuskarki ba su ma suna da laifi, kuma sun sani. Ki rubuta musu ƙorafi ki riƙe kwafi, in sun yi shiru ki kai Bank of Ghana. Lauya kyauta kuma akwai Legal Aid. Amma gaskiya ɗaya, ta wayar ba za su goge ba sai da rahoton 'yan sanda, kuma 'yan sanda za su tambayi wa ya riƙe katin.

Maman Hanifa: Yaya na gode amma ni ba zan iya kai uban 'ya'yana polis ba, me zan ce wa yaran? Kuma ba mugu ba ne, tun da aka hana pragya shiga tsakiyar gari kasuwar ta mutu masa, ga tsadar mai. Katin ma ni na ba shi da hannuna, wace mace ce mijinta zai ce kawo ta ce a'a? Malam, waliyyina kawuna ne yana Tamale kuma dama tun farko bai so auren ba, in ya ji wannan shi ke nan.

Hajia Rabi: Har yanzu ba ki ce ina pragyar take ba. In tana nan a mayar musu su sayar, abin da ya rage ki biya a hankali ki rufa wa kanki asiri. Ni haka na yi da bashin shagon marigayi, ko da 'yan uwansa suka kwashe kayan suka bar ni da masu bi.

Yaya Mustafa: Hajia wannan shawarar ce take kashe mata a Zango. Ta biya wannan, gobe na uku ya fito. Abin da aka yi mata yana cikin dokar cin zarafi a gida ta 2007, har da na tattalin arziki, DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, suna karɓar irinsa kuma ba kullum ake kulle mutum ba.

Ummu Sadik: Ko ma dai me za ki yi ki karɓe katinki yau ki canza pin.

Maman Hanifa: Katin yana wurina. Hajia, ya ce pragyar tana wurin wani abokinsa a Ejisu ana gyara, ban matsa masa ba don ciwon kai yake yi kwana biyu. Mutanen sun ce za su dawo ran Juma'a. In na ba su sidi 500 don su daina zuwa wurin waakye, shi ma amsawa ce?