Wai ɓacewa ce daɗin Super Metroid?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na sake gama Super Metroid, kuma zan faɗi magana ɗaya, wanda zai ji haushi ya ji. Wasan bidiyon nan na Nintendo na 1994 ya fi yawancin waɗanda kuke bugawa yanzu, dalilin kuwa ɗaya ne. Jirgin Samus Aran, jarumar wasan, ya sauka a duniyar Zebes ana ruwan sama, babu kibiya, babu mai yi maka magana a kunne, kawai a sake ka ka ɓace. Ɓacewar nan ita ce daɗin. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Autan Mama: Wa alaikumus salam Yaya. Da girmanka da komai, amma wannan kewar ƙuruciya ce ke magana. Saboda yabon da kake yi na sa shi a waya. Akwai wata gada a Brinstar, wani yanki na Zebes, da ke rushewa da zarar ka taka ta. Na faɗa ƙasa ya fi sau ashirin. Sai da na shiga YouTube na gano ashe akwai maɓallin gudu. Wasan da ba zai gaya maka kana iya gudu ba, wane irin daɗi ne wannan?

Ɗan Fagge: Yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da kaset ɗin. Kai ne ka sauke wasan babu littafi.

Autan Mama: To ka ga ashe ana gaya wa mutum ke nan, a takarda ne kawai 😂

Injiniya: Ku bari in shigo, domin ni ban yarda da ku duka biyun ba. Ɗan Fagge, wasan bai taɓa sakin ka ba. Jan ka yake yi da igiyar da ba ka gani. Duba ƙofofi kawai: shuɗiya harbi ɗaya ke buɗe ta, ja sai ka jefa mata makami mai linzami 5, koriya sai babban makamin, ruwan ɗorawa kuma sai babban bam. A farkon wasa duk inda ka juya ƙofar da ba ka da makullinta ce, hanya ɗaya tal aka bar maka, wadda za ta kai ka ga abin da ke sa Samus ta dunƙule ta zama ƙwallo. Kana ɗauka sai wani ido a bango ya haska ka, kafin ka ankara 'yan fashin sama sun cika wuraren da ka bi ɗazu babu kowa. Ba a rubuta maka ko kalma ɗaya ba, amma ka gane an gan ka.

Wanda ya fi burge ni shi ne dogon ramin nan na jan ɓangaren Brinstar. Kana faɗawa ba ka iya hawowa. Da gangan aka rufe maka baya don kada ka koma yawo a wuraren da ba ka da abin yi tukuna. Dole ka gangara yankin Norfair, ka samo takalman dogon tsalle, ka kashe dodon da ake kira Kraid, ka sami sulken da ke jure zafi. Sai bayan ka samo bindigar ƙanƙara za ka daskarar da halittun da ke kai da kawowa a ramin, ka mayar da su matakala ka hau. Ranar da ka fito ka sake ganin jirginka, ji za ka yi kai ne gwani. Alhali Yoshio Sakamoto da mutanensa a Nintendo su suka auna maka kowane taku.

Ɗan Fagge: Injiniya, ai ƙarfafa maganata ka yi. In na ji ni na gano, me ya dame ni ko wani ya shirya?

Injiniya: Ba ɗaya ba ne. Ka ce ɓacewa ce daɗin. In ɓacewa kake so, koma Metroid na farko, na 1986. Babu taswira, ɗakuna kama ɗaya, mutane da biro da takarda suke zana hanya. Me ya sa ba shi kake yabo ba? Na 1994 shi ya kawo taswira a kusurwar allo, da ɗakunan da ake sauke taswirar yanki. Rage ɓacewa ne ya sa ya fi.

'Yar Damagaram: Ina wuninku. Ni dai duk batun ƙofofin nan bai riƙe ni ba. Shirun ne. Bayan ɗan bayanin da Samus ta yi a farko, har ƙarshe ba ta sake cewa uffan. Ka shiga wani rusasshen jirgi da ke Zebes, wuta a ɗauke, na'urori a mace, fatalwa na fitowa ta bango. Sai ka kashe Phantoon, dodon wurin, wuta ta dawo, abubuwan da ka wuce a tsaye su fara motsi. Na buga wurin da dare an ɗauke mana wuta, wallahi sai da na tashi na kunna fitilar waya. Ga kiɗan Kenji Yamamoto da Minako Hamano, na ƙasan Norfair kamar ana buga ganguna a cikin kogo. Duk wannan a kaset mai megabit 24, wato megabait 3. Hoton biki ɗaya a wayata ya fi shi nauyi.

Autan Mama: Anti, shirun na yarda da shi. Amma ku faɗi gaskiya kan Maridia, yankin ruwan nan.

'Yar Damagaram: Kai, Maridia kam Allah Ya isa. Yashin nan mai haɗiye mutum.

Autan Mama: Yauwa! Sannan bututun gilashin da ake ratsawa tun da wuri, wa zai kawo a ransa ya dasa babban bam a ciki ya fasa? Da bangayen da ba su da wata alama, sai ka yi ta dasa bam ɗaki ɗaki kamar mai neman allurar da ta faɗi a rairayi. Hollow Knight na 2017 ma ana ɓacewa, amma ba ya wahalar da kai a banza. Metroid Dread na 2021 kuma motsin Samus kamar ruwa. A na 1994 tsallenta kamar wadda aka ɗaura wa balan-balan.

Mai Shago: Ni magana ta kasuwa zan yi. Shekaruna da yawa ina da gidan gem. Yaro ya biya kuɗin rabin awa, ƙwallo yake so ko dambe, ya ci abokinsa a yi ihu. Na taɓa sa wannan a talabijin ɗaya, yaron ya yi minti goma yana kai da komo, ya ajiye fad, wato abin buga wasan, ya ce Oga canja min. Wasa ne na mai na'ura a ɗakinsa da lokacin kansa, shi ya sa a nan bai yi suna ba.

Ɗan Fagge: Oga, tuwo ma ba a cin sa a tsaye a tasha, hakan bai sa ya zama ba abinci ba.

Auta kuma, tsallen da kake rainawa, shi ne asirin wasan. Ka taɓa faɗawa ramin da 'yan dabbobin nan uku suke? Ba sa magana. Suna dai tsalle daga wannan bango zuwa wancan har su kai sama, su dawo su sake, kana kallo. Na yi kusan awa ɗaya a ramin, babban yatsana har ya yi ja. Da hannuna ya kama, sai na ga wasan ya zama wani daban. Babu wani kaya da na ɗauka, tun minti na farko Samus na iya wannan tsallen, ni ne ban iya ba. Haka tsuntsun nan mai kama da jimina, shi ke nuna maka yadda za ka tara gudu, ka durƙusa, ka harba kanka sama kamar kibiya. Injiniya, ga amsarka: wanda ya iya tsallen bango yana hawa jan ramin da ka ce an rufe ba tare da bindigar ƙanƙara ba. Ina igiyar taka a nan? Masu tseren gama wasa suna kammala shi ƙasa da minti 45, suna tsallake rabin abin da ka lissafa.

Injiniya: Wannan kam ka kama ni. Amma lura, sai a zagaye na biyu ko na uku mutum ke tsinke igiyar, bayan ya haddace Zebes kamar lungunan unguwarsu. Wanda ya haddace wuri kuwa ba ɓatacce ba ne. Ka ga har yanzu kalmarka ce ban yarda da ita ba. Kuma kada ka manta, kusa da ramin dabbobin akwai wurin ajiye wasa. Wanda ya ajiye a can bai iya tsallen ba ya shiga uku.

Autan Mama: Ni ne nan. A can na goge shi.

'Yar Damagaram: Haba Auta! Ashe ba ka ga ƙarshen ba? To rufe ido, zan ɓata maka. Jaririn Metroid, halittar nan mai tsotse ƙarfi, da dodo Ridley ya sace a farko, wanda ya ɗauki Samus uwa tun a wasan Game Boy na 1991, ya girma ya zama ƙato. Mother Brain, dodanniyar ƙarshe, ta kusa gama da Samus, ba ta ko iya miƙewa, sai ga shi ya faɗo ya tsotse ƙarfin dodanniyar, ya juye wa Samus, ya kare ta da jikinsa har aka kashe shi a kanta. Babu rubutu, babu kuka. Na ajiye fad na yi shiru. Ku yi ta gardamar ɓacewa, ni wannan na zo gani.

Mai Shago: Hajiya, kin sa ina son in gwada a gida.

Injiniya: Tambaya ɗaya ga mai da'awa. Bayan Mother Brain ana ba ka minti 3 ka tsere kafin Zebes ta tarwatse. Dabbobin da suka koya maka tsalle suna kulle a ɗakin da ka fara samun bam. A taron Games Done Quick na Amurka, inda ake tara kuɗin agaji, har gasar ba da gudummawa ake yi kan a cece su ko a bar su. Jiya ka tsaya ka buɗe musu?

Ɗan Fagge: Ina neman gamawa ƙasa da awa 3 ne, lokaci ya ƙure min.

'Yar Damagaram: Innalillahi. Malamanka fa!

Autan Mama: Yaya, turo min yadda ake tsallen bangon. Juyawa ake fara yi ko danna tsalle?

Ɗan Fagge: Ka taɓa bango tana wulwulawa, ka danna ɗaya gefen tukuna, sannan tsalle. Kada ka haɗa su lokaci ɗaya. Kuma kada ka buɗe YouTube, kalli dabbobin.