Wata huɗu da tiyata, ina tsoron kwanika

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da aka yi mini tiyata aka ciro ɗana na biyu, tsakaninsa da yayarsa wata 14 kacal. Ina shayarwa, al'ada ba ta dawo ba, amma da daddare ina haɗa masa da madara don nonon ba ya isarsa. Maigida ya yarda mu yi tazara. Ni ce nake ɗari-ɗari, don an ce allura tana kashe mahaifa. Shayarwar kaɗai ba za ta tsare ni ba?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kar ki jira jini. Ƙwai yana iya fita kafin al'ada ta dawo, haka cikin autana ya shiga ban sani ba.

Wata ungozoma: Shayarwa tana hana ciki ne da sharaɗi uku: jariri bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Tunda kin fara madara, ɗaya ya faɗi. Ga tiyata kuma: ɗinkin mahaifa yana son hutu, in aka yi gaggawa yana iya buɗewa wajen naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 kafin wani cikin. Ashanar hannu, wato ɗan tsinken tazara da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu, tana yin shekara 3 zuwa 5, robar mahaifa ta kai 10, duka ba sa taɓa nono, kuma ana cirewa haihuwa take dawowa. Ƙwaya mai sinadarin istirojin ki bar ta sai yaro ya cika wata shida, tana iya rage nono. Akwai ta masu shayarwa, sai dai kullum a lokaci ɗaya, ba mantuwa.

Anti babba: Allurar wata uku na yi shekara biyu. Ba ta kashe komai ba, jinkiri kawai take sawa: kusan shekara na yi bayan na daina kafin na samu ciki. Abin da ya dame ni ɗigon jini ne, yau akwai gobe babu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ashanar ta fi kwanta mini. Sai na jira al'ada kafin a saka?

Wata ungozoma: A'a. Za su tabbatar ba ki da ciki, su saka ranar. Kwana bakwai na farko ku yi amfani da kororon roba.