Wa ke yanke cewa wannan ce babbar jaruma, waccan kuma mataimakiya?

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sake kallon fim ɗin Fences, kuma wurin nan da mijin Rose ya gaya mata ya yi wa wata ciki ya hana ni barci. Viola Davis, wadda ta fito a Rose, tana magana, hawaye da majina na zuba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 2010 da ta taka wannan rawar a dandamalin Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta New York, lambar Tony (lambar yabon wasannin dandamali) ta babbar jaruma aka ba ta. Da aka mayar da wasan fim, a Oscar na 2017 sai aka ce mataimakiya ce. Mace ɗaya, rawa ɗaya. Don Allah wa ke raba wannan?

Ɗan Dandamali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kowane gida da tsarinsa. A Tony, wadda aka rubuta sunanta a saman sunan wasan ita ake ɗauka babba, sai in kwamitinsu ya sauya. A Oscar kuwa 'yan wasan da ke cikin ƙungiyar da ke ba da lambar su ke zaɓar rukunin, amma kamfanin fim ya riga ya cika musu kunne da talla. Kamfani yakan duba inda gasa ba ta yi zafi ba ya tura jarumarsa can. Wani lokaci masu ƙuri'a kan ƙi. A 2009 an tallata Kate Winslet a matsayin mataimakiya a The Reader, suka mayar da ita rukunin manya, kuma ta ci.

Anti Mai Littafi:
Ni ban ga an zalunci Viola ba, 'yar uwa. Labarin na mijin ne, shi ke cika allo. Ko a 1987 da aka fara wasan a Broadway, Mary Alice da ta fito a Rose lambar mataimakiya ta karɓa.

Maman Biyu:
Anti, na ji, amma ba da agogo ake auna jaruma ba. Patricia Neal ta ci Oscar ta babbar jaruma a 1964 da fitowar da ba ta kai rabin awa ba. Kuma ki duba, tun da aka fara Oscar a 1929, baƙar fata ɗaya tak ce ta ɗauki lambar babbar jaruma, Halle Berry a 2002. Shi ya sa abin ke ci mini rai. Viola da ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Emmy ta babbar jarumar wasan talabijin mai ɗauke da labarin rayuwa a 2015, ai ta isa a bar ta ta kara da Emma Stone, wadda ta ci lambar babbar jaruma a Oscar na 2017.

Ɗan Dandamali:
Akwai kuma waɗanda ake dannewa, Hajiya. Duk sanda aka sauko da babbar jaruma ƙasa, wata da ta yi minti goma na gaske a fim ta rasa gurbinta cikin biyar ɗin da ake zaɓa.