Kamiyo ya taka mini ramin salanga, damina kuma ta ƙarato

Baban Nana, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ramin salangar gidana a waje yake, jikin katanga, kusa da ƙofa. Shekaranjiya kamiyon da ya kawo yashi gidan da ake ginawa kusa da mu ya yi baya, taya ɗaya ta hau murfin. Bai rufta ba, amma ya tsage daga gefe zuwa tsakiya, ƙasar kusurwa ɗaya kuma ta zauna. Nan yara ke wasa kullum da marece, abin da ya hana ni barci ke nan. Wani ya ce in shafe tsagar da siminti kawai. Ya isa? Kuma yaya zan yi kada a sake takawa?

Magini, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka shafe. Shafe fuska kawai yake rufewa, ruwa zai ci gaba da bin tsagar har ya kai ga rodi, tsatsa ta cinye shi, wata rana murfin ya tafi da wanda ke kansa. Yau ɗin nan ka kewaye wurin da ƙaya ko bulo. Kusurwar da ta zauna ta fi tsagar damuna, don mai yiwuwa bangon ramin ne ya motsa. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, ba ta riƙe kanta, da ruwa ya samu kafa sai ya rarake ta ƙarƙashi. A kwashe ramin, a ɗage murfin, a duba bulon. Sabon murfi ya kai santimita 12 zuwa 15, da rodi mai kaurin milimita 12 a saƙa, ya hau bango sosai. A yi ta ba shi ruwa kwana 7, kuma kankare ba ya cika ƙarfinsa sai kwana 28. Ko ya cika ma, murfin gida ba na ɗaukar mota ba ne. Ka ɗaga shi sama da hanya kamar bulo ɗaya, ka kafa turakun ƙarfe a kankare gefen da motoci ke bi. Amalanken shanu ma in ya ɗauko kaya bai kamata ya hau ba.

Maman Sadiya, Ali Ɗan Sofo:
Baban Nana, Allah ya tsare gaba. Ka duba inda indararonku ke zuba. Namu kan ramin yake sauka, cikin watan Agusta ɗaya ya zaftare mana gefe guda. Sai da muka karkata shi muka samu lafiya. In akwai dogon yaro kusa, saiwarsa na bin laima har ta fasa bulo.

Ma'aikacin lafiya, Bagalam:
Don Allah in an buɗe kada kowa ya shiga, kada a leƙa da ashana ko sigari. Iskar da ke taruwa ciki tana kama wuta, akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke sumar da mutum nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. A sa bututun fitar da iska ya wuce rufin ɗaki, da raga a bakinsa saboda ƙuda. A gama aikin kafin ruwa ya zauna, don ramin da aka kwashe lokacin da ƙasa ke jiƙe ya fi saurin ruftawa.

Dattijo, Mokoyo:
Ɗana, ka sami mai ginin cikin mutunci, ka nuna masa da idonsa. Motar da ta kawo masa kaya ce, ya kamata ya kama maka. In bai ji ba, sai mai unguwa.

Baban Nana:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na jera bulo yanzu, na hana yaran. Baba, bayan la'asar zan same shi. Malam magini, indararonmu ma a wannan kusurwar yake zuba. Shi zan fara karkatawa ko kwasar za a fara?

Magini, Sabon Gari:
Indararon, yau. Kwasa kuwa sai ka tanadi siminti da rodi, kada ramin ya kwana a buɗe.